Sarkin Baka Abarshi da Mutum na Goma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 1958, a ƙarshen watan Gani, Allah ya karɓi ran kawuna Abarshi, Sarkin Bakan Kazage, bayan jinyar kwana tara. Da hantsi ya cika a zaurensa, aka yi masa sutura bayan azahar. Ni Ja'afaru, ɗan ƙanwarsa Azumi, ni nake wannan rubutu. Da furfura a gemuna na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ya ga karkata ya yi haƙuri. Malam Labaran na makarantar Birnin Gwari ya ce in kawo ya gyara mini, na ƙi. Kawuna ne, da bakina zan faɗa.

Kawu, kwana uku muna zaune a ƙofar gidanka, kowa ya zo da abin da zai tuna. Matan da mazansu suka mutu sun ce ba ka taɓa dawowa daga daji ba tare da cinya ko haƙarƙari ya shiga gidajensu ba, kuma ta bayan danga kake miƙawa don kada a gani. Fulanin rugar yamma sun ce kai ka kashe kurar da ta hana su barci shekara biyu, da suka kawo maka maraƙi ka ce su bar shi ya girma tukuna, har ya tsufa a garkensu ba ka waiwaye shi ba. Wanda maciji ya sara, wanda ya karye a gona, duk ƙofarka ake bugawa. Duk gaskiya ne. Amma akwai magana ɗaya da babu wanda ya faɗa a wurin, domin mu da muka gani ka sa mun yi shiru shekara goma sha biyar. Yau ba ka nan ka hana ni, kuma tawa ce kunyar, ba taka ba.

Wanda bai yi farauta da kai ba bai san al'adarka ta tsakuwa ba. A bakin daji kake tsayawa ka buɗe burgaminka, jakar fatar nan taka, kowane maharbi ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya jefa ciki. In an fito, kowa ya zo ya cire tasa. Muddin akwai tsakuwar wani maharbi a cikin burgamin nan, ba ka cin abinci, ba ka shiga gida. Samari muna yi maka dariya a ɓoye, muna cewa Sarki ya mayar da mu awaki. Ni na fi kowa baki a wannan, kamar yadda na fi kowa baki a kome.

A shekarar 1943 ne, ana tsakiyar yaƙin Hitila, ruwan shuka na biyu ya sauka. Kwana goma sha tara ke nan da muka binne mahaifiyata. Ni ban cika son fita ba, kai ka ce zama cikin ɗaki ba ya dawo da mamaci, gadu kuma suna tone mana iri a gonakin bakin fadama. Muka fita mu bakwai bayan hadarin safe ya wuce. A shekarun nan mun saba jin jirage suna wucewa can ƙololuwa, su nufi gabas wajen Kano, ba ma ko ɗaga kai. Wannan kuwa daban. Ƙasa-ƙasa ya zo daga yamma, yana tari kamar tsohon doki, baƙin hayaƙi yana bin sa. Inji huɗu gare shi, biyu sun tsaya cik. Ya aske kan itatuwan doka, ya faɗo da cikinsa a fadama, ya yi ta jan taɓo har ya tsaya. Ban taɓa jin ƙasa ta girgiza haka ba.

Muka matsa a hankali ta cikin ciyawa. Girmansa ya fi zauren hakimi, ga bakunan bindiga sun leƙo ta gaba da baya da sama. Turawa suka yi ta fitowa daga cikinsa, wani yana jan wani, ɗaya jini ya rufe masa fuska. Mailafiya, wanda ya taɓa yin dako a Kaduna, ya raɗa mana cewa jiragen Ingilishi zobe ne a jikinsu, wannan kuwa tauraro ne. To, an riga an yi shela a kasuwa cewa in Jamus suka faɗo daga sama a kama su, kada a yarda da su, mayaudara ne. Nan take kowa ya sa kibiya a baka. Kibanmu kuwa duk da dafi, wanda ya taɓa jini sai dai a haƙa rami.

Ni ne a gaba, don zafin kai. Wani dogo daga cikinsu, wanda daga baya muka san shi ne kyaftin ɗinsu, ya hango mu, ya taho da gudu yana ihu. Da ya zo kamar taku goma daga gare ni sai ya tsaya, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya ware yatsu goma, ya watsa mini su a fuska. Ya sake. Ya kuma sakewa, har sau uku, yana ta faɗa da ƙarfi.

Daƙuwa. Da hannu biyu. Ni da ƙasar kabarin uwata ba ta bushe ba.

Wallahi Kawu, idona ya rufe. Ban ga jirgi ba, ban ga jini ba, ban ga kome ba sai ƙirjin mutumin nan. Na ja tsarkiya har kunne. Wani daga cikin mutanensa ya zaro ƙaramar bindiga ya auna ni, wani ma ya zaro tasa. Na ji 'yan'uwana biyar a bayana sun ja nasu bakan. Sai ƙarar ƙarfen jirgin da ke hucewa ake ji. Yatsuna biyu ne kawai suka rage tsakaninmu da mutuwar mutum goma sha shida.

Sai ka shigo gabana. Ba da gudu ba, da tafiyarka ta kullum, har bakin kibiyata ya taɓa layun rigarka. Ka ba wa bindigogin Turawa baya, ka dube ni.

"Ja'afaru, uwar da kake cewa an zaga, ciki ɗaya muka fito da ita. In zagi ne, ni zan fara harbi, ba kai ba. Sassauta."

Na ce ka kauce. Allah ya yafe mini, haka na ce maka, da tsawa. Dafin yana gogar rigarka. Ba ka ko dubi kibiyar ba. Ka ce in duba idon mutumin, mai zagi mutum yake kallo, wannan kuwa daji yake kallo. Ka ce kai ka san wannan fuskar, fuskarka ce in ka zazzage burgami ka ga saura tsakuwa.

Na sassauta, ba don na yarda ba, don dai ba zan iya harbinka ba. Ka ajiye bakanka a ƙasa, ka juya, ka nuna Turawan ɗaya bayan ɗaya da leɓe kana ƙirgawa. Tara. Ka durƙusa ka tsinci tsakuwa goma ka jera a gaban dogon, ka tura tara wajen mutanensa, ɗaya ta rage. Mutumin nan ya zube a gwiwa, ya damƙi tsakuwar, ya nuna yamma inda suka fito, ya kwatanta abu yana saukowa daga sama a hankali. Hawaye yake yi. Ashe cewa yake su goma ne, ɗaya ya yi tsalle da laima tun kafin su faɗo, yana can cikin daji. Mu in za mu nuna goma, hannu biyu muke dunƙulewa mu haɗa. Shi bai sani ba, ni ma ban sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, na ga wannan da rana tsaka.

Na rasa inda zan sa fuskata. Ka aiki Mailafiya Birnin Gwari ya kai labari, ka bar mutum huɗu wurin masu rauni. Sa'an nan ka waiwayo ka ce da ni, tun da na so in mayar da su takwas, sai in zo in cika su goma. Kyaftin ɗin ya ƙi zama, ya biyo mu da takalmansa masu nauyi.

Kawu, duk wanda ya taɓa bin sawu ya san abin da ke gabanmu ranar nan. Ɓauna tana da sawu, ɓarawo yana da sawu, mutumin da ya faɗo daga sama ba shi da ko ɗaya. Dajinmu kuwa mutum yakan yi kwana uku cikinsa bai ga hayaƙin gida ba. Na faɗa maka haka, ka ce in rufe bakina in ɗaga kaina. Ka bi karyayyun rassa har inda suka ƙare. Daga nan ka riƙa shafa ganye kana shinshinawa, ɗigon baƙin mai ne da jirgin ya yi ta zubarwa. Can muka fara cin karo da kayan da suka watsar don su rage nauyi, akwatin ƙarfe a nan, jerin harsasai rataye a kan ƙirya a can. Su suka zame mana sawu. Amma da rana ta raba tsaka sai suka ƙare, muka tsaya a kan wani fako babu alamar kome. Gabas kuwa ta fara haɗa wani hadarin, baƙi ƙirin. In ruwan nan ya sauka, rafuka za su cika, mai zai wanke, mai rauni a ƙasa kuma ba zai ga safiya ba, kuraye ba su da labarin yaƙin Turawa.

Kyaftin ya harba bindigarsa sama sau uku. Muka kasa kunne. Shiru. Ya zauna a kan dutse ya dafe kai. Kai kuwa ƙasa kake dubawa, ka ga inda garken shanu ya watse da gudu, kofato ya yi zurfi, ba tafiyar kiwo ba ce. Ka ce shanu ba sa firgita a banza. Muka bi su kamar rabin sa'a, muka tarar da Bakoji, makiyayin nan ɗan rugar Modibbo, ya tattara dabbobinsa a kan tudu yana ta addu'a. Ya ce da safe wani farin abu kamar likkafani ya sauko daga sama wajen rafin maɗatai, da mutum rataye a ƙarƙashinsa, shi kam ko an ba shi saniya goma ba zai koma can ba. Ya nuna mana da sandarsa, ya ƙara da cewa tun ɗazu gwaggon biri suke haushi a wurin ba su daina ba.

Haushin biran nan muka bi. Iska ta fara kaɗawa, tsawa tana matsowa. Ka hana mu gudu, ka ce mai gudu cikin daji shi ake nema gobe. Ni dai da ka bar ni da na tashi sama.

Farin ƙyallen muka fara gani, ya lulluɓe kan wani maɗaci, igiyoyi suna reto, an yanke su. A gindin itacen ga shi kwance. Ya yanke igiyar ne ya faɗo, ƙafarsa ta dama ta karye, ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ba karayar ce ta tayar mini da hankali ba. Kwarkwasa ce. Ruwan safe ya tashe su, jerinsu ya bi ta kansa, sun rufe shi daga ƙafa har ƙirji, sun fara shiga wuyan rigarsa. Bakinsa a buɗe yake yana ihu, amma murya ta riga ta ƙare, iska kawai ke fita. Shi ya sa ba mu ji shi ba.

Ka tuɓe rawaninka, ka ƙyasta wuta ka kunna shi tun da ciyawa duk a jiƙe take, ka riƙa jan sa a ƙasa kana yanke musu hanya. Ka ce in ɗauke shi in kai ruwa. Na sungume shi, kwarkwasa suka hau ni, suka shiga hammata da kunne, har yau akwai tabonsu a wuyana. Na faɗa rafi da shi, ni da kyaftin muka yage masa tufafi muna tsince su ɗaya ɗaya, in ka ja jikin sai kan ya maƙale a fata. Saurayi ne ashe, gemu bai gama fito masa ba. Ka sa ya ciji kuben wuƙarka, ka ja ƙafar ta koma wurinta, ka ɗaure da sanduna da igiyar laimarsa. Bai suma ba sai da ka gama.

A bayana ya dawo. Ruwa ya same mu a hanya, kamar da bakin ƙwarya. Rafin da muka tsallake da safe a idon sawu ya kai mana ƙirji. Ka shiga gaba kana gwada ƙasa da sanda, kyaftin yana riƙe da karyayyar ƙafar sama da ruwa, ni ina tsakiya. Sau ɗaya santsi ya ɗebe ni, na nutse har hanci, na ji hannun saurayin yana zamewa daga wuyana. Ka damƙo gashin kaina ka tsayar da ni. Abin da ka ce kawai shi ne, "In ka sake shi, kada ka biyo ni gida." Ban sake shi ba.

Ana kiran magariba muka shiga Kazage, inda aka riga aka kwaso sauran aka sauke su a zaurenka, Mailafiya ma ya dawo daga kai labari. Kyaftin ya dubi mutanensa, murna ta kama shi, ya ɗaga hannu zai sake ware yatsun nan a gaban dattawan gari. Ka yi wuf ka kama hannuwan, ka dunƙule masa su, ka haɗa. Ka ce, "Goma." Ya maimaita, da karkataccen harshensa. Sai a lokacin ka zazzage burgaminka, mu bakwai kowa ya ɗauki tasa, ka sha ruwa.

Kwana biyu suka yi, matarka Inna Saude tana dama musu fura, kafin Di'o, Baturen mulkin ƙasarmu, ya iso da mota da tafinta. A bakin tafintan muka ji cewa ba Jamus ba ne, mutanen Amirka ne, abokan yaƙin Ingilishi. Daga ƙasar Gwalkwas suka taso za su Kano shan mai, hadari ya ɓatar da su, inji ya lalace. Kyaftin ya buga ƙararrawar tsalle, sa'an nan ya hango fadamarmu ya fasa, amma mai bindigar wutsiya yana can baya, bai ji an fasa ba. Sunansa Daniyel, mu dai Na-Goma muke ce masa. Ina tsaye ina ji. Da na saki kibiyar nan, da igiya ce makomata in harsashi bai riga ta ba, Kazage kuwa da ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Di'o ya tambaye ka yadda aka yi, ka ce baƙi ne suka faɗo muka tarbe su. Kyaftin ya dube ni, shi ma bai ƙara kome ba.

Da motar za ta tashi, na gan ka ka tsinci tsakuwa goma ka zuba a burgami. Na tambaye ka dalili, ka ce ai wani dajin za su shiga.

Shekara uku tsakuwoyin nan suna ƙara a burgaminka. Bayan an gama yaƙi wasiƙa ta zo ta hannun Di'o, daga Na-Goma, Malam Labaran ya zo har gida ya fassara mana. Ya ce ya yi wata uku a asibiti a Kaduna, ya warke, ya sami 'yan'uwansa a ƙasar Indiya an ba su sabon jirgi. Daga can suka riƙa tashi suna jefa bom a kan gadoji da hanyar jirgin ƙasa a ƙasar Bama, inda samarinmu ma suka yi yaƙi. Sau talatin suna zuwa suna dawowa su goma, kuma duk saukar da suka yi sai kyaftin ya dunƙule hannu biyu ya haɗa ya ce goma, da Hausa, har sauran sojoji suka ɗauka wani asiri ne. A tafiya ta talatin da ɗaya aka harbe su, wuta ta kama fiffike. Uku sun mutu a cikin jirgin. Kyaftin ya riƙe shi a miƙe yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya har shida suka yi tsalle, shi bai samu fita ba.

Malam Labaran ya naɗe takardar. Sai ka jawo burgami, ka ciro tsakuwa shida ka watsa a tsakar gida, ka ɗaure bakinsa. Ka ce, "Mu dai goma muka ba su." Ranar nan ba ka ci tuwo ba.

Kawu, ni na san abin da ka yi mini. Mutumin da na so in kashe saboda yatsunsa, shi ne ya tsaya cikin wuta yana ƙirga mutanensa, kai kuma tun kallon farko ka gane shi. 'Ya'yana shida duk bayan ranar nan aka haife su. Ba ka taɓa yi mini gori ba, ko cikin wasa, ko lokacin da na yi maka rashin kunya a kan rabon nama, kuma na yi ba sau ɗaya ba. Har yau zuciyata tana da saurin tashi, amma in ta taso nakan ji bakin kibiya yana gogar layun rigarka, sai in tsaya in ƙirga mutanen da ke gabana.

Ranar sadakar uku Inna Saude ta kira ni ciki ta miƙo mini burgaminka, ta ce ka bar wasiyya ni za a ba. Ta ce akwai wani abu yana ƙara a ciki, ko in zubar. Na kwance, na ga tsakuwa huɗu, sun yi sumul don daɗewa. Na ce a'a Inna, waɗannan ba su fito ba tukuna. Na fita ƙofar zaure inda kake zama, na tsinci ɗaya da hannun nan da ya ja tsarkiya, na jefa ciki, na ɗaure.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa ka amsa tambaya da kwanciyar hankalin da ka tsaya da shi gaban kibiyata. Allah ya haɗa ka da ƙanwarka Azumi a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Saude, da 'ya'yanka Dabo da A'isha da Auta, da jikoki, da maharban Kazage da Gwaska da Dogon Dawa, da Fulanin rugar yamma waɗanda suka yi rashin maƙwabci. Na roƙi Malam Labaran ya rubuta wa Na-Goma, in yana raye, ya san cewa wanda ya nemo shi ya tafi. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Ranar da za a tashe mu a ƙirga, Allah ya sa kada a ga saura tsakuwar kowa a cikinmu. Amin.